Abin da Ke Hana Filasha Tashi a Gonakin Kura

Matafiyin da ya baro birnin Kano ya kama hanyar Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya yi tafiyar kamar kilomita 30 sai ya ga ƙasa ta sake kama. Ya bar busasshiyar ciyawa da kututturan dawa a baya, ya faɗo cikin kore shar: alkama a nan, shinkafa a can, ga tumatir da albasa iyakar ganin ido. Wannan shi ne yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. An tsara kashin farko na shirin ne domin ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da manyan hanyoyin ruwan.

Wuri irin wannan ba ya rabuwa da masu kyamara. Akwai masu bincike na tashar Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai malaman gona, da ɗaliban jami'a masu aikin kammala karatu, da 'yan jarida, ga kuma masu hoton biki da suna na cikin gari. A wurin da yawa daga cikinsu hoto hujja ce. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna "sharon" ta cinye tumatir a Kano da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. A irin wannan annoba, hoton ganye ɗaya da ya fito da ramukan tsutsar sosai kan isa masanin da ke nesa ya gane abin da ke faruwa, alhali hoton da ya yi duhu ba ya gaya wa kowa komai. Gona kuwa ba ta jira. Alkamar da ba a ɗauki hotonta yau ba, mako mai zuwa ta zama wata aba dabam.

To, akwai wani kuka da masu wannan aiki suka sha yi. Mutum zai gwada filasharsa a ɗaki, watau fitilar nan mai walƙiya da ke haska hoto. Zai ajiye ta nesa da kyamara ba tare da waya ta haɗa su ba, ya danna sau 20 ta tashi sau 20. Gari na wayewa ya fita da ita bakin kanal, sai ta tashi sau ɗaya ta ƙi sau uku. Wani ya ce jabu aka sayar masa, wani ya zargi batir. Galibi na'urar lafiyarta lau. Wurin ne ya sauya, kuma bayanin yadda wuri ke hana saƙo isa yana nan a cikin darussan fiziks na babbar sakandare.

Fitila da Rana Tsaka

Ɗalibi mai lura zai fara tambaya: me za a yi da fitila a inda rana ke ƙona ƙeya? Amsar tana ƙarƙashin malafar manomi. Da tsakar rana haske yana saukowa ne daga sama kai tsaye, saboda haka malafa kan jefa fuskar mai ita cikin inuwa, yayin da farar rigarsa da ruwan kanal ke ƙyalli. Idon mutum yana iya ganin duka biyun a lokaci guda, amma kyamara ba ta da wannan baiwa sosai. In ta gyara wa riga, fuska ta yi baƙi ƙirin. In ta gyara wa fuska, riga da sama su wanke fat. Aikin filasha shi ne ta cike wannan inuwa. Haka abin yake ga ƙarƙashin ganyen tumatir, inda ƙwari suka fi son ɓuya.

Sai dai ƙaramar filasha ba ta iya ja da rana daga nesa. Tun a shekarar 1604 masanin taurari Johannes Kepler ya bayyana cewa haske yana raguwa ne gwargwadon nisa a ninka shi da kansa. Idan nisa ya ninka sau 2, haske ya koma kashi 1 cikin 4. Idan ya ninka sau 3, ya koma kashi 1 cikin 9. Manomin rani ya san wannan a aikace, domin bokitin ruwan da ya jiƙa fangali ɗaya sharkaf, in aka watsa shi a fangali huɗu, kowanne ɗan yayyafi zai samu.

Masu hoto suna da lissafi mai sauƙi a kan wannan. Kowace filasha tana da lambar ƙarfinta, ita ma tagar da haske ke shiga kyamara tana da lambar da ke nuna ƙanƙantarta. In aka raba ta farko da ta biyu, sai a sami nisan da filashar za ta iya haskawa. Alal misali, filasha mai lamba 36, a cikin rana mai ƙarfi wadda ke tilasta a tsuke taga zuwa lamba 11, ba za ta wuce mita 3 da ɗan kai ba. In kuma an sa mata laima don tausasa hasken, nisan ya dawo wajen mita 2. Mai hoton da yake son manomi da gonarsa da kanal su fito tare kuwa, dole ya ja da baya mita 10 ko 20. Ke nan tilas fitila ta tsaya kusa da manomi, kyamara ta tsaya nesa.

Akwai dalili na biyu, wanda garin Kura kansa ya fi kowa misalinsa. Tun da daɗewa aka san Kura da rini da bugu, da turkuɗi mai sheƙi wanda Buzaye ke saye don yin rawani. Duk wanda ya haska irin wannan tufa da filashar da ke zaune a kan kyamara, abin da zai samu shi ne farin tabo a tsakiyar hoto, domin haske ya bugi tufar ya dawo ta hanyar da ya bi. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 11, ya nuna da gwaji a cikin Kitabul Manazir cewa haske yana tafiya ne a miƙe, ya kuma yi dogon nazari a kan yadda yake dawowa daga abu mai sheƙi. In aka kai fitila gefe guda, sheƙin ya kauce wa kyamara, sai launin shuni da zanen bugu su bayyana. Ramukan tsutsa a ganye ma a hasken gefe suka fi fitowa.

Waya doguwa za ta iya haɗa su, amma mita 20 na waya a cikin taɓo da ruwa, tsakanin ƙafafun ma'aikata, ba abu ne mai daɗewa ba. Shi ya sa ake neman ɗan aike marar waya.

Ƙiftawa da Bismillah

Kafin a duba ɗan aiken, ya kamata a san irin gaggawar saƙon. A cikin filasha akwai wani rumbun lantarki da ake kira kafasita. Batir huɗu masu ƙarfin bolt 1.5 kowanne ba za su iya ba da walƙiya kai tsaye ba, saboda haka na'urar kan ɗaga ƙarfinsu zuwa wajen bolt 300 ta tara a rumbun. Da saƙo ya iso, sai ta kwarara abin da ta tara gaba ɗaya cikin wani ɗan bututun gilas mai iskar zinon, iskar ta yi haske na kimanin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka shi ne ya yi fice wajen inganta wannan fasaha tun daga shekarun 1930. Kafin nan garin magniziyam ake ƙonawa, daga baya kuma ƙwan fitila mai tashi sau ɗaya a jefar. Gargaɗi ga ɗalibai masu son kwance na'ura: kafasita tana riƙe da cajinta ko bayan an cire batir, kuma tana iya jan mutum ja mai tsanani.

A ɓangaren kyamara kuwa, yawancin manyan kyamarori suna da labule biyu a gaban wurin da hoto ke kamawa. Na farko ya zuge ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe. Dole walƙiya ta faɗo daidai lokacin da na farko ya gama buɗewa, na biyu kuma bai taso ba. Mafi saurin da wannan ke yiwuwa a yawancin kyamarori shi ne 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, kuma a irin wannan sauri sararin da ya rage wa walƙiya bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Tafiyar saƙon a iska ba ta cin komai daga ciki, tun da haske da igiyar rediyo duka suna gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, watau mita 30 a cikin kashi 1 cikin miliyan 10 na daƙiƙa. Jinkirin yana cikin na'urorin ne, wajen shirya saƙo da karanta shi. In saƙo ya makara, labule na biyu ya riga ya taso, sai a ga baƙin layi ya yanke gefen hoto. Mai hoton da ya ga haka kada ya ce filasha ta lalace. Ya rage saurin labule zuwa 1/160 ko 1/125 ya sake gwadawa.

Raɗa a Kasuwar Kwanar Gafan

Ɗan aike mafi arha shi ne haske kansa. Akan sa wa filashar nesa wani ɗan ido na lantarki, wanda da zarar ya ga haske ya ƙaru farat ɗaya sai ya tayar da ita. Ƙaramar filashar kan kyamara ce ke ba shi ishara. Wasu kamfanoni sun ƙara wa dabarar hikima, suna aika umarni ta hanyar ƙyafce-ƙyafcen haske masu tsari, kamar yadda Canon ya yi da na'urarsa ST-E2 a 1998, Nikon kuma da tsarinsa na 2003. Da yawa daga irin waɗannan na'urori suna aiki ne da infirared, hasken nan da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800 lokacin da ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ga ma'aunin zafi ya hau a wurin da ke gaba da ja, inda babu launin da ake gani.

A ɗaki wannan ɗan aike ba ya kuskure, saboda dalilai biyu. Na farko, ɗaki shiru yake ta fuskar haske. Ajin da ke da fitilu masu kyau yana da hasken da bai wuce ma'auni 300 zuwa 500 ba a ma'aunin da ake kira luks. Na biyu, bango da rufi suna mayar da haske, saboda haka ko idon filashar yana kallon wani gefe, saƙo zai bugi bango ya same shi.

A gonar Kura duka biyun sun tafi. Rana tsaka tana zuba luks kusan 100,000, watau ninki 200 ko fiye na hasken aji, kuma kusan rabin ƙarfin da take saukarwa ƙasa infirared ne, irin hasken da idon yake saurare. Ƙyaftawar ƙaramar filasha daga mita 15 a cikin wannan ambaliya daidai take da raɗa a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ranar da motoci suka cika. In kuwa rana na dukan idon kai tsaye, sai ya ƙoshi har ya kasa nuna wani ƙari, kamar ƙwaryar da ta cika ta batse, wadda ɗigo ɗaya ba ya sauya ta. Sannan babu bango. Hasken da ya wuce idon ya tafi ke nan har Bunkure, ba abin da zai dawo da shi. Kamfanonin ba su ɓoye wannan ba: littafin na'urar Canon da aka ambata ya ba ta mita 12 zuwa 15 a cikin ɗaki, amma mita 8 zuwa 10 a waje, kuma ranar watan Afrilu a ƙasar Kano tana iya rage ko da wannan. Lokacin hunturu rana kan yi laushi, amma ƙurar da ke iska tana warwatsa wani ɓangare na saƙon kafin ya isa.

Wanda ba shi da kuɗin rediyo ba a bar shi hannu sake ba. Yawancin filasha kansu yana juyawa dabam da jiki, saboda haka a juya jikin yadda idon zai kalli kyamara, a murɗa kan ya kalli manomi. A yanka kwali a yi wa idon 'yar rumfa, a ɗaure da roba, yadda zai ga kyamara amma ba zai ga rana ba. A tsara tsayuwa yadda rana za ta kasance a bayan idon. Farin zane da mutum biyu suka riƙe yana iya zama bangon wucin gadi. Mafi sauƙi duka shi ne a yi aiki da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hoto ma ya fi kyau.

Akwai wani tarko dabam da ba ruwansa da rana. Kyamarorin zamani sukan yi wata 'yar ƙyaftawa ta awo kafin walƙiyar gaske, da saurin da ido ba ya rarrabewa. Ido mai sauƙin ƙira yakan tashi da ta farko, ya zubar da cajinsa kafin labule ya buɗe. Mai hoto ya ga filasha ta haska da idonsa, amma hoto ya fito da duhu, sai ya rasa ta cewa. Maganin shi ne a sa filashar kan kyamara a tsarin da mutum ke zaɓar ƙarfi da hannunsa, ko a sa ta nesa a tsarin da ke ƙyale ƙyaftawar farko, wanda a na'urori da yawa ake rubuta masa S2.

Malami zai iya nuna duk wannan da rimot ɗin talbijin. Kyamarar wayar hannu da yawa tana ganin infirared, saboda haka in aka danna rimot a gabanta a cikin aji, za a ga ƙwansa yana ƙyaftawa a fuskar wayar. A fita tsakar makaranta da rana a maimaita, ana ja da baya taki-taki.

Rediyo da Abokan Gabansa

Igiyar rediyo, wadda Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwarta a Jamus a 1887, danginsu ɗaya da haske. Bambancinsu tsawon zango ne kawai. Mai sauraron rediyo ya saba jin ana cewa tasha kaza tana kan mita 19 ko mita 25 a gajeren zango; wannan mitar ita ce tsawon igiya ɗaya. Infirared na rimot bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. Na'urorin tayar da filasha kuwa suna amfani da igiya mai santimita 12.5, watau megahaz 2,400, wasu kuma mai kusan santimita 69, watau megahaz 433. A waɗannan zanguna rana ba ta da wata hayaniyar da za ta dami ƙaramar na'ura. Wannan shi ya sa sana'ar ta karkata can: Canon ya fitar da filasha mai rediyo a cikinta a 2012, Nikon a 2016, kamfanonin Sin irin su Godox da Yongnuo kuma suka sauko da farashi har ƙaramin mai hoto ya iya saye. Ana ɗora mai aikawa a kan kyamara, mai karɓa a jikin filasha, a daidaita su a kan tasha ɗaya.

A jikin kwalin wasu akan rubuta mita 100. Wannan awo ne na fili fetal, na'urori a sama, ba komai a tsakani. Gonar rani kuwa cike take da babban abokin gabar igiyar megahaz 2,400, watau ruwa. Ruwa yana shanye wannan igiya ya mayar da ita zafi cikin santimita kaɗan, kuma da wannan ne ma murhun lantarkin nan mai ɗumama abinci yake aiki, a megahaz 2,450. Jikin mutum kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, ɗanyen ganye ya fi haka. Saboda haka yaron da aka ba filasha ya riƙe, in ya rungume ta a ƙirji ya ba kyamara baya, ya zama katanga. Taron manoma a ranar nunin gona katanga ne mai kauri. Masarar da ta kai tsayin mutum ma haka. Busasshen karan alkama bayan girbi ba ya hana komai, amma wannan gonar ce watanni biyu da suka wuce ta shanye saƙo.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne, ganin juna kawai bai isa ba. Igiyar rediyo ba zare ba ce. Tana buƙatar sarari kewaye da miƙaƙƙen layin da ke tsakanin na'urorin biyu, sarari mai siffar ƙwai, siriri a bakuna biyu, mai kauri a tsakiya. Ana kiransa da sunan Augustin Fresnel, masanin haske na Faransa wanda ya rasu a 1827. Lissafinsa a tsakiyar hanya ba shi da wuya: a ninka tsawon zango da nisa, a fitar da tushen murabba'i, a raba biyu. Ga zangon mita 0.125 da nisan mita 30, ninkin ya ba da 3.75, tushensa wajen 1.94, rabinsa kuwa kusan mita 1. A nisan mita 50 amsar ita ce mita 1.25. Ma'ana, in ana son saƙo ya isa da cikakken ƙarfinsa, layin ya kamata ya bi ta kusan mita guda sama da kan amfanin gona, ba sama da ƙasa ba. Injiniyoyi sukan ce in an sami kashi 60 cikin 100 na wannan sarari ba komai a ciki, ya wadatar. Filashar da aka ajiye a kan kunya, cikin alkama mai tsayin ƙugu, ta rasa shi gaba ɗaya.

Shimfiɗaɗɗen ruwa yana da tasa fitinar. Fangalin shinkafa da aka cika, ko fuskar kanal, madubi ne ga igiyar rediyo. Saƙo yakan isa ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya bugi ruwa, kuma wanda ya bugi ruwa a kwance yakan dawo a juye, tudunsa a inda kwarin ɗan'uwansa yake. In hanyoyin biyu kusan tsawonsu ɗaya, sai su rage wa juna ƙarfi. Ana samun bambancin tsawon ne in aka ninka tsayin na'urorin biyu, aka ninka da 2, aka raba da nisa. Mai hoton da ya tsuguna, kyamara a rabin mita, filasha ma a rabin mita, nisa mita 30, bambancin bai kai santimita 2 ba, saƙo ya raunana. In duka biyun suka hau mita 1, bambancin ya kusa santimita 7, kusan rabin zango, sai igiyoyin su taimaki juna. A wani tsayin kuma raunin yana sake dawowa, shi ya sa mai hoto kan ga filasha ta ƙi a nan, ya ɗaga sandarta da rabin mita ko ya matsa taki biyu ta tashi. Ba sihiri a ciki.

Sauran matsalolin rediyo ƙanana ne. Na'ura mai eriya a waje tana son eriyar mai aikawa da ta mai karɓa su fuskanci gefe ɗaya, duka a tsaye, kuma wanda ya karkata kyamara don hoton tsaye ya tuna ya kwantar da eriyarsa. Ƙarfe yana tare igiya, don haka kada a liƙa mai karɓa a bayan ƙofar ruwa ta ƙarfe ko jikin tarakta. Zangon megahaz 2,400 kuma hanya ce ta kowa da kowa, Wi-Fi da Bluetooth duka nan suke bi. A wajen biki a cikin Kano, inda wayoyi ɗari ke aljihu, sauya tasha yana da amfani. A tsakiyar gonakin Bunkure wannan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga.

Zafi, Ƙura da Batir

Kamfanoni da yawa sun rubuta cewa kyamarorinsu na aiki ne tsakanin digiri 0 da 40 a ma'aunin Salshiyas, zafin Kano kuwa a watan Afrilu yakan kai 40 a inuwa. Baƙar roba a cikin rana tana wuce haka nesa. Filashar da ake tilasta wa ba da dukkan ƙarfinta don ta ja da rana tana ƙara nata zafin, har ta kai ta tsayar da kanta don kada ta ƙone. Mai hoto ya ɗauka saƙo ne bai isa ba, alhali ya isa, rumbun ne bai cika ba ko na'urar tana hutawa. Fitilar da ke bayan filasha ita ke nuna ta shirya, kuma daga mita 20 ba a ganinta. A sa mai riƙewa ya ɗaga hannu in ta kama. Batir mai caji irin NiMH, duk da bolt 1.2 yake da shi, ya fi batir na yau da kullum saurin cika rumbu. Wasu filasha kuma sukan yi barci da kansu in an daɗe ba a danna ba, sai a kashe wannan tsarin kafin a fita.

Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan 'yan ƙarafan mazaunin filasha, inda mai aikawa ke taɓa kyamara. Busasshen ƙyalle mai tsabta ya isa. Tsofaffin filasha na gwanjo kuwa a yi hattara da su, domin wasunsu suna da bolt sama da 100 a ƙafarsu, wanda ke iya ƙona kyamarar zamani ko mai karɓa. Sannan ga mai ɗaukar ganye ko ƙwaro a tazarar taki ɗaya, gajeruwar waya mai mita guda har yau ta fi kowace rediyo aminci, kuma ta fi arha.

Gwajin da Makaranta Za Ta Iya Yi

Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Kura ko Bunkure za ta iya auna waɗannan abubuwa da kanta, in ta roƙi mai hoton gari ya zo da kayansa rana ɗaya. A auna mita 5, 10, 20, 30 da 50 a kan hanyar gefen kanal, a kafa turaku. A kowane turke a danna sau 20, ana barin rumbu ya cika tsakanin danni da danni, a rubuta sau nawa filasha ta tashi. Sharaɗin gwajin shi ne a sauya abu ɗaya tak a kowane zagaye: da farko na'ura a ƙasa, sannan a kan gora mai mita 2, sannan ɗalibi ɗaya ya tsaya a tsakani, sannan biyar, sannan a bi ta kan gonar kore maimakon hanya. In akwai ido mai aiki da haske, a gwada shi da ƙarfe 7 na safe, da 12 na rana, da 5 na yamma, da rumfar kwali da kuma ba ita. A zana sakamakon a takardar jadawali, nisa a kwance, yawan tashi a tsaye, a ajiye ta. Bayan girbin alkama a watan Maris a koma turakun nan a sake aunawa a kan busasshen kara, a ɗora sabon layin a kan tsohon.